Wayar jika huɗu da ta kulle majigin makarantarmu shekara biyu

A ofishin darektan kwalejin da nake koyarwa akwai wani kabad na ƙarfe mai kwaɗo biyu. Shekara biyu cur majigin makarantarmu ya yi a cikinsa, naɗe a ledarsa kamar kayan lefen da aka fasa aurensu. Wata ƙungiya ce ta kawo mana shi kyauta. Ranar da aka miƙa shi an kafa rumfa, an yi jawabai, an ɗauki hotuna, iyaye sun tafa har hannu ya yi zafi. Baƙi na juya baya aka mai da shi cikin kwali, aka danna kwaɗo.

In ka tambayi dalili a lokacin, kowa da tasa amsar. Wani ya ce wuta ce ba ta tsayawa. Wani ya ce darekta ne ke da rowa. Dalilin gaskiya ya fi waɗannan ƙanƙanta, ya kuma fi su ban kunya: wayar da ta zo cikin kwalin ba ta shiga kwamfutar kowa a cikinmu. Sau ɗaya aka gwada. Kan wayar ya ƙi ramin, muka dubi juna, wani ya ce "ba su dace ba", maganar ta mutu a nan. Malamai fiye da ashirin, kowa da takardar shaidarsa, waya guda ta kayar da mu.

Abin da nake son faɗa wa malamai ƴan'uwana da iyayen yaranmu shi ne: majigi da lasifika ba su zama kayan makaranta sai ranar da malami ya haɗa su da kwamfuta da hannunsa, a cikin aji, hoto ya fito a bango, murya ta kai benci na ƙarshe. Kafin wannan rana suna ne kawai a takardar ƙidayar kaya. Kuma abin da ke tsakanin kabad da aji sau da yawa bai wuce waya, da ɗan mahaɗi, da sanin maɓalli biyu ba.

Ilimin halittu nake koyarwa. Kowace shekara in na zo darasin zuciya da zagayen jini, sai in zana zuciya a allo, in raba ta ɗaki huɗu, in ja kibiyoyi da jan alli da shuɗi. Yara su kwafe, su haddace, su zuba mini a takardar jarrabawa, su manta. Wata rana wani abokin aiki ya turo mini ɗan bidiyo na minti shida da ke nuna zuciya tana bugawa, ƙofofinta na buɗewa suna rufewa, ana bayani da Faransanci mai sauƙi. Na kalle shi sau uku a salula, na ce wannan ɗalibaina masu shirin BEPC sai sun gan shi.

Na sami darekta na ce, "Mushe, ina son aron majigin nan."

Ya dube ni, ya dubi kabad ɗin. Ya ce, "Malam, ba hana ka nake yi ba. Amma sunana ne a takardar karɓa. In ya ƙone a hannunka, ni za a tambaya."

Ban ga laifinsa ba. An ɗora masa amanar kaya mai tsada, ba a nuna masa yadda ake kunna shi ba, ba a faɗa masa abin da zai yi in ya lalace ba. Mutumin da aka bari a haka, kwaɗo ne kaɗai abokin shawararsa. Na roƙe shi ya bar ni in ɗauki hoton bayan majigin kawai. Na ɗauka, na ɗauki na gefen kwamfutata, na nufi layin masu gyaran salula a kasuwa.

Wani saurayi ne ya karɓi salular, ya ja hoton da yatsa biyu, bai yi minti ɗaya ba ya ce, "Mushe, ai yarensu ne ba ɗaya ba. Tafinta za ka saya musu." Ya nuna mini ramin majigin, shuɗi, mai ƴan ƙofofi 15 jere a layi uku. Sunansa VGA, kuma hoto kaɗai yake ɗauka. Ya nuna mini na kwamfutata, siriri mai faɗi, wato HDMI, wanda ke ɗaukar hoto da sauti tare cikin waya ɗaya. Daga baya na karanta cewa tun 1987 kamfanin IBM ya fito da VGA, shi kuwa HDMI sai farkon shekarun 2000 ya bayyana. Wato an kawo mana majigi mai bakin da, mu kuma muna riƙe da kwamfutoci masu bakin yanzu.

Tafintan nan ɗan mahaɗi ne da bai kai tafin hannu ba, gefe ɗaya HDMI, ɗaya gefen VGA. Jika huɗu na biya. Kafin in tafi saurayin ya ja mini kunne: mahaɗin hanya ɗaya yake bi. Wanda ke karɓa daga HDMI ya miƙa wa VGA ba ya aiki in aka juya shi, kamar tafintan da ke mai da Faransanci Hausa amma ba ya iya mai da Hausa Faransanci. Wanda kwamfutarsa ce mai VGA, talabijin ɗinsa kuma mai HDMI, wani mahaɗin dabam zai nema. Mutane da yawa, in ji shi, suna sayen wanda ba shi ba, su koma gida su ce kayansu ne suka mutu.

Ranar darasin na shigo da wuri. Na rataya farin zanen gado a kan allo, na sa yara suka tura tagogi, na haɗa wayoyi, na kunna. Bango ya yi shuɗi, babu komai. Ashe majigi yana da ƙofofin shiga fiye da ɗaya, kuma sai an danna maɓallin da aka rubuta wa Source an faɗa masa ta wace ƙofa baƙon zai shigo. Na danna, hoton fuskar kwamfutata ya fito, yara suka yi shewa. Na buɗe bidiyon, yana tafiya a gabana, amma a bango babu abin da ya motsa. Gumi ya fara karyo mini. Wani yaro daga tsakiyar aji ya ɗaga hannu ya ce yayansa yakan danna maɓallin Windows tare da harafin P. Na danna. Zaɓi huɗu suka fito a gefe. Kwamfutar tana kan Étendre, wanda ke ɗaukar bangon a matsayin ƙarin fili na dabam. Na mai da ita kan Dupliquer, wanda ke nuna abu ɗaya a wuri biyu. Sai ga zuciya a bango, girmanta ya kai ƙofar ɗaki, tana motsi.

Motsi kawai take yi. Ko ƙis ba ka ji. Yara saba'in da ɗoriya sun zuba ido, bakin mai bayani na motsawa a kusurwar hoton, babu murya. Can daga baya wata yarinya ta ce, "Mushe, zuciyar bebiya ce?" Aji ya fashe da dariya, ni ma na yi, amma ta ciki na ciki.

Abin da ya faru mai sauƙi ne in an sani. Da na cusa mahaɗin a ramin HDMI, kwamfutar ta ɗauka ta sami sabuwar hanyar fitar da sauti, sai ta kwashe muryar daga ƴan lasifikokinta ta tura ta can. Shi kuwa VGA ba ya ɗaukar sauti, muryar ta faɗa rijiya. Maganinsa shi ne a je ga ɗan hoton lasifika da ke ƙasan allon kwamfuta ta hannun dama, a zaɓi inda ake son sautin ya fita. Ko da na gano haka ma, muryar kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta wuce benci na biyu a aji irin namu. Mako na gaba wani uba, mai lasifikar da ake haya a wajen suna da biki, ya ba mu aron ƙarama. Na haɗa ta da siririyar wayar nan mai kai irin na abin sauraro na kunne, wadda kaurin kanta milimita 3.5 ne, na cusa a ramin da ke da alamar abin sauraro.

Wannan karon da zuciyar ta buga, ajin ya yi tsit. Sauti biyu ne ke bin juna, kuma mai bayanin ya nuna cewa rufewar ƙofofin zuciya ce ke haddasa su. Ban ce kowa ya yi komai ba, sai na ga hannuwa suna hawa ƙirji ɗaya bayan ɗaya. Muka tsai da bidiyon, kowa ya kama wuyan hannunsa, muka ƙirga bugu na minti ɗaya, muka gwada da abin da littafi ya ce, tsakanin 60 da 100 ga babban mutum da ke hutawa. Na sa biyu suka zagaya fili da gudu suka dawo muka sake ƙirgawa. Shekaru ina zana kibiyoyi, ban taɓa samun tambayoyi irin na wannan rana ba.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma da wannan karin maganar muke sayen kayan makaranta. Kowa majigi yake hange, domin shi ne ke fitowa a hoton taro. Babu mai tuna lasifika. A cikin aji kuwa gani ba ya korar ji, tare suke aiki. Ni in aka ce kuɗin kwamitin makaranta abu ɗaya kaɗai za su iya saye, zan ce a fara da lasifika mai caji. Ta fi araha nesa ba kusa ba, ba ta bukatar a rufe tagogi a zafin Afrilu, kuma tana aiki ko an ɗauke wuta. Mun ga amfanin haka a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa ƙasarmu, aka shiga watanni na ɗauke-ɗauke. Majigi mai fitila yana shan wuta da yawa, ba ya tashi sai da layi ko inji. Kwamfuta da batirinta da lasifika mai caji kuwa suna iya kai darasi ƙarshe. Malamin Faransanci da na Ingilishi sun fi kowa bukatarta: yaro ya shekara huɗu yana koyon Ingilishi bai taɓa jin muryar kowa ba sai ta malaminsa, sannan mu yi mamaki in ya kasa gane rediyo.

Mu a Nijar bai kamata koyarwa da hoto da murya ta zama mana baƙuwa ba. Tun 1964, zamanin shugaba Diori Hamani, aka soma koyar da yaran firamare ta talabijin a ƙasar nan, ana shirya darussan a Yamai ana haska su a azuzuwa. Shirin ya zo ya wuce, kuma masana na da ra'ayoyinsu a kansa. Abin da ni na ɗauka daga ciki shi ne, masu shirin sun tanadi mutumin da zai tsaya a aji tare da akwatin, sun kuma horar da shi. Yau, bayan shekara sittin, muna karɓar na'ura mu sa hannu, babu wanda ya tambayi wa zai kunna ta.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiya. Za su ce malam yana maganar majigi alhali akwai yaran da ke karatu a ajin zana, zaune a ƙasa, littafi ɗaya tsakanin mutum da yawa. Ba mu manta gobarar azuzuwan zana ta Yamai a watan Afrilun 2021 ba, da ta Maraɗi a watan Nuwamban wannan shekarar, inda muka rasa ƙananan yara da dama. Gini da benci da littafi da albashin malami su ne gaba, ban yi musu ba. Ina ma ƙarawa da cewa kada kowa ya ja wayar wuta zuwa ajin zana don a nuna bidiyo, ko da darasin ya kai me. Amma ni ba sabon saye nake nema ba. Ina magana ne a kan kayan da sun riga sun iso, an riga an biya kuɗinsu, suna kwance a kabad-kabad na makarantunmu. Barin su a can ba ya ƙara benci ko ɗaya. Asara ce a kan asara.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Ga darektoci da shugabannin kwamitin kula da makaranta: kada ku sa hannu a takardar karɓar majigi sai an kai shi aji, an haɗa shi da kwamfutar wani malami na makarantar, hoto ya fito, an ji sauti daga bencin baya. Kwamfutar wanda ya kawo kayan ba shaida ba ce, domin da ita zai tafi. In wayar ba ta dace ba, a faɗa a ranar, baƙon na tsaye. Mai kyauta ya fi son a ce masa "saura waya" da ya dawo bayan shekara biyu ya tarar da kyautarsa a leda.

Ga masu saye da masu ba da kyauta: ku duba ramukan kafin ku duba farashi. Sababbin kwamfutoci sirara da yawa ba su da VGA, wasu ma ba su da HDMI, sai ƙaramin ramin nan na USB-C. Kuma ba kowane USB-C ne ke fitar da hoto ba, akwai waɗanda caji da kwashe bayanai kaɗai suke yi. A gwada a shago kafin a biya. In majigin yana da HDMI, a yi amfani da shi kai tsaye, amma a tuna sautin zai koma ƴar lasifikar da ke cikin majigin, wadda ba ta isar aji, don haka sai an zaɓi babbar da hannu. Lasifikar Bluetooth tana da daɗin ɗauka, sai dai wani lokaci muryar takan yi jinkiri ta biyo bayan motsin baki. Ga darasin harshe, waya ta fi.

Ga malamai: mu daina jin kunyar tambaya. Saurayin kasuwa da yaron ajina ne suka koya mini, kuma rawanina bai faɗi ba. A kowace makaranta a sami aƙalla mutum uku da suka iya haɗawa da kwancewa, a cikinsu har da malama, don kada ranar da aka yi wa gwanin canjin wuri majigin ya koma kabad. Rabin awa a taron CAPED ko a taron malaman fanni ɗaya ya isa a nuna komai: a haɗa wayoyi, a kunna majigi, a zaɓi ƙofa, a danna Windows da P, a zaɓi mafitar sauti. Kowa ya yi da hannunsa, kallo kaɗai ba ya zaunar da abu. A sauke bidiyo tun a gida a ajiye shi cikin kwamfuta, kada a dogara da intanet a gaban yara. A gwada komai kafin a buga ƙararrawa.

Tsoron darekta ma yana da magani, domin yawancin abin da ke kashe majigi sananne ne. Fitilarsa tana zafi ƙwarai, don haka in an gama a kashe shi ta maɓallinsa, a bar fankar ta gama hucewa kafin a zare wuta. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iskarsa, ya riƙa kashe kansa a tsakiyar darasi, sai a riƙa cirewa ana kakkaɓewa. Wutarmu tana hawa tana sauka, a tsaya masa da na'urar daidaita wuta. Kan wayar VGA kuma ƴan allurai ne a ciki, in aka cusa da ƙarfi ɗaya ya lanƙwashe sai ka ga hoton ya rine ya koma ruwan hoda ko shuɗi-shuɗi, saboda ja da kore da shuɗi kowanne da allurarsa. Wanda bai sani ba sai ya ce majigin ya tashi aiki, alhali waya ce za a canza. In an rubuta waɗannan a takarda ɗaya aka manna a cikin murfin kwalin, an rage rabin fargaba. Sauran rabin kuma kwamiti ne zai ɗauke: a amince a taro, a rubuta, cewa kayan da ya lalace a bakin aiki makaranta ce za ta gyara, ba aljihun darekta ko na malami ba.

Iyaye, ku ma da naku. Kuna ba da kuɗin kwamiti kowace shekara, kuna da haƙƙin tambaya. A taro na gaba kada ku tsaya ga "muna da majigi?" Ku ce, "Yaushe aka kunna shi na ƙarshe, a wane aji, wane darasi?" Ku tambayi ƴaƴanku a gida ko sun taɓa ganin haskensa. In an ce waya ce babu, ku nemi a faɗi sunanta da kuɗinta, a sa ta a lissafin shekara kusa da alli da tsintsiya. A cikinku akwai masu shagon salula, akwai masu hayar lasifika, akwai samarin da suka san ramukan nan kamar yunwar cikinsu. Ku turo mana su. Uban da ya ba mu aron lasifikarsa bai taɓa shiga aji a matsayin ɗalibi ba, amma ya koyar da darasin zuciya tare da ni.

Yanzu majigin namu yana cikin wata jaka ta yadi da uwayen ɗalibai suka ɗinka. A aljihunta akwai mahaɗin nan, da wayar sauti, da doguwar wayar wuta, da ƙaramin littafi da mai ɗauka ke sa suna da kwanan wata. Makon jiya malamin labarin ƙasa ya ɗauka ya nuna wa ƴan aji ɗaya yadda kogin Kwara ya taso daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali, ya wuce ta Yamai. Da na duba littafin, shafi na uku ake ciki. Kwamiti ya mayar mini da jika huɗuna, na kuma koma kasuwa na sayi mahaɗi na biyu, don na san halin kayan da ke yawo hannu-hannu.